Ranar da Asibitin Tungar Marke Ya Cika da Likitoci

Mai karatu, in aka ce maka baƙo na tafe gidanku don ya ga irin wahalar da kuke sha ya taimaka, me za ka fara yi? Kada ka yi saurin amsawa, an san hali. Shara za ka yi, ka aro sabuwar tabarma a maƙwabta, ka kora yaran da ba su da riga bayan ɗaki, ka yanka 'yar kazar da ta rage, in ya ce yaya gida ka ce lafiya lau. To kafin ka yi wa Junaidu na Tungar Marke dariya, ka sani abin da ya yi halinmu ne gaba ɗaya. Shi dai ilimi ya ƙara wa abin.

Tungar Marke ƙauye ne tsakanin Anka da Bukkuyum, can gaba da inda kwalta ta gaji ta koma. Akwai asibiti: ɗaki uku, gado biyu, ma'aikaciya ɗaya, Malama Habsu. Ita ce nas, ita ce ungozoma, ita ce mai ba da magani, ita ce mai shara, in maciji ya shigo kuma ita ce maigadi. Ta zo garin tun shekarun da gubar dalma ta yi ɓarna a su Bagega da Yargalma, aka ce ta riƙe wurin kafin sauran su iso. A takarda kuwa sauran sun daɗe da isowa, mutum shida cif aka rubuta wa asibitin. Biyar ɗin dai daga Gusau suke gudanar da nasu aikin, ta hanyar yi wa marasa lafiya fatan alheri.

Ranar da ta karɓi haihuwa da hannun dama tana riƙe wa wani mahaƙin zinari ledar ƙarin ruwa da na hagu, Malama Habsu ta wanke hannu ta nufi zauren Maigari.

"Ranka shi daɗe, an ce tawaga na tahe daga Gusau ta duba asibitocin ƙauye, inda ba ma'aikata a ƙara. In sunka zo sunka tahi ba a ba ni mataimaki ba, ni ma Gummi za ni, wurin ɗiyana. Na gaji, kuma ba wasa nika yi ba."

Kowa ya san ba ta wasa. Kowa kuma ya san in ta tafi, mai naƙuda da mai zazzaɓi sai bayan babur har Anka, in hanya ta yarda.

A nan Junaidu ya shigo labarin, ba don an kira shi ba.

Junaidu mai rumfar cajin waya ne a bakin kasuwa. Bara aka aiko a tura mutum ɗaya taron bita kan kiwon lafiya a Gusau, aka duba gari kaf aka ga shi kaɗai ke da riga mai guga. Ya je ya kwana a otal, ya ci shinkafa da cokali mai yatsu, ya dawo da jaka da wani kati mai igiya rataye a wuya. Katin nan ko wanka zai yi sai dai ya juya shi baya. Tun daga ranar ba ya cewa "ina ganin", sai "bincike ya nuna". Ya raɗa wa kansa Darakta, mutane suka karɓa don sunan na da daɗin tsokana.

Da dattawa suka taru a zaure ana jajanta maganar Malama, sai ya yi gyaran murya.

"Ranka shi daɗe, matsalarku ɗaya, ba ku san yadda gwamnati ke tunani ba. Ni na zauna da ita, teburi ɗaya. Wa ya taɓa ba da ɗiyatai ga gidan da rumbu ke wayam? Ma'aikaci ɗiya ne. In sunka zo sunka iske wuri ya cika da tari da kuka da ƙuda, mace ɗaya na ta haki, cewa za su yi wanga wuri ba na zama ba ne. Amma in sunka iske tsab, ma'aikata jere, sai su ce a ɗaga shi babban asibiti. Likitoci, motar ɗaukar mara lahiya, har injin hoton ƙashi."

Lado mahauci, wanda ya shigo kawo wa Maigari hanta, ya ce, "To, Darakta, ina munka ga ma'aikatan da za mu jera?"

"Ga ka nan."

"Ni?"

"Kai, Lado, akwai wanda ya hi ka sanin inda hanta take da inda huhu yake? Likitan tiyata kenan. Saminu wanzami ya shekara nawa yana zuƙe jinin mutane da ƙaho? Likitan jini. Auwalu tela, ɗinki ai ɗinki ne. Sufyanu na ramin zinari yana da hitilar goshi, likitan ido da kunne. Da ni biyar. Malama ta cika shida. Takarda ta ce shida, ido ya ga shida. Wanga shi aka kira daidaita tsari."

Saminu ya ce, "In an kama mu hwa?"

"Wa za ya kama ka kana cikin takunkumin rufe baki da hanci?"

Maigari ya shafa gemu. Shi ba injin hoton ƙashi ne ya ja shi ba. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne baƙi su koma Gusau su ce duk yankin nan ba garin da ya kai nasa tsiya. Ya ce, "Baƙo dai ba a tarbarshi da tsumma. A yi yadda Darakta ya ce."

"Amma kada a gaya wa Malama," in ji Junaidu. "Abin mamaki za mu yi mata."

Wannan alkawarin kam ya cika shi.

Sai maganar fararen riguna. Farin yadi ɗaya ne a garin mai yawa, wanda ladan ke ajiyewa a masallaci don likkafani. A garin da ma'aikaciyar lafiya ɗaya ce, wannan kayan ne kaɗai ba a taɓa bari ya yanke ba. Ladan ya ƙi, ya ƙi, Junaidu ya ce masa bincike ya nuna in asibiti ya girma yadin ma hutawa zai yi. Auwalu ya kwana biyu kan keke. Da yake bai taɓa ɗinka rigar likita ba, sai duk suka fito da wuyan kaftani, ta Lado har da aljihun gaba mai aiki.

Abin sauraren ƙirji kuwa ba wuya. Junaidu ya kwaso tsofaffin wayoyin kunne da mutane suka manta a rumfarsa, ya ɗaure wa kowace murfin gwangwanin madara a ƙarshe.

Aka yi atisaye a bayan rumfar caji.

"Babban likita bai da yawan magana," in ji Darakta, yana kai da kawowa hannu a baya. "Duk abin da anka tambaye ku, ku duƙar da kai, ku ce 'Hmm', ku ce 'Sai an yi gwaji.' Shi kenan. A Gusau da wagga kalma ɗaya mutane sunka gina benaye. Lado, cikina na ciwo."

"Mi kac ci?"

"Ba haka ba!"

"Au. Hmm. Sai an yi gwaji."

"Madalla. Ka gama karatun likita."

Ranar zuwan baƙi, tun da asuba aka zo daga rugar Fulani aka ɗauki Malama Habsu a babur, wata na naƙuda ta ƙi sauka. Junaidu ya ce wannan alama ce tsarinsa ya samu karɓuwa. Saura abu ɗaya da ke ɓata masa tsari: marasa lafiya. Sun ji labarin manyan Gusau na zuwa, sun cika harabar asibiti tun hantsi, masu tari, masu zazzaɓi, masu ciki, da wani da dutse ya faɗo wa a ƙafa cikin rami. A gabansu duka ga Inna Hure, mahaifiyar Junaidu, da kumburarrun ƙafafunta da hawan jininta, ta shimfiɗa ɗankwali ta zauna.

"Jama'a," in ji Junaidu, "manyan likitoci ba su duba mutum a tsakar rana. An tanadar muku wuri na musamman. Kowa ya tashi, makarantar firamare, aji na ƙarshe. Can za a zo a same ku ɗaya bayan ɗaya."

Inna ta ɗago kai. "Ajin da iska ta kwashe wa kwano?"

"Iska mai kyau na cikin magani, Inna. Bincike ya nuna."

"Kai wanga, wace riga ce haka jikinka? Kamar wanda anka hiddo daga kushewa."

"Inna, ki rage murya, ina bakin aiki."

Aka kwashe su, masu tafiya suka tafi, marasa tafiya aka tura su a baro. Aka share haraba, aka yayyafa ruwa, aka jera likitoci a baranda. Junaidu ya shige tsakiyarsu aka ɗauke su hoto, ya haye tsohon itacen marken bakin gari inda nan kaɗai sabis ke sauka, ya watsa wa duk wani zauren waya da yake ciki daga Anka har Gummi, da rubutu a ƙasa: "Tungar Marke ta wadatu da ma'aikatan lafiya, ƙarƙashin jagorancin Darakta Junaidu. Sauran ƙauyuka a zo a koya."

Wajen azahar motoci biyu suka iso, hadari na haɗuwa a gabas. Daga ta farko wata dattijuwa mai tabarau ta fito, Hajiya Fauziyya, shugabar tawaga, da alamar ta gaji da ganin asibitocin da awaki ke kwana ciki. A ta biyu akwai wata budurwa zaune da akwati da bokiti da naɗaɗɗiyar katifa. Junaidu ya hango katifar ya ce a ransa, manya kenan, ko tafiyar yini sai da wurin kishingiɗa.

Abin da bai sani ba, kuma bai tambaya ba don bakinsa bai samu hutu ba, shi ne budurwar nan Rufaida ce, sabuwar ungozoma. Ita kaɗai ta rage a hannun tawagar, kuma Tungar Marke aka kawo ta.

Hajiya ta tsaya ta dubi baranda. Fararen riguna biyar, takunkumi biyar, haraba fes ko kaza babu.

"Ikon Allah. Mu an ce mana mutum ɗaya ke riƙe da wurin nan."

"Maƙiya ne, Hajiya. Ga mu biyar, ta shida ta tafi aikin waje."

"Marasa lafiya fa?"

"Mun warkar da su."

"Duka?"

"Har da na gobe."

Hajiya ta dubi sama, ta dubi agogo, ta ƙarasa wurin direban mota ta biyu ta yi masa magana ƙasa-ƙasa. Tunda nan sun ƙoshi, a wuce da Rufaida Rafin Dunya, ƙauyen tsallaken rafi, inda ko mai ɗaure rauni babu. Direba ya leƙo ya tambayi hanya. Wa zai amsa in ba Darakta ba?

"Rafin Dunya? Kada ku bi ta sama, ku yanke ta mashigin ƙasa, kafin ruwa shi sauko kun haye. Ku yi sauri!"

Har da buga bayan mota, har da ɗaga hannu. Bai sauke hannun ba sai da motar ta ɓace.

Aka shiga ciki. Hajiya ta fara da Saminu, wanda gumi ya riga ya jiƙa wa takunkumi.

"Sannu da aiki. Sunanka?"

"Hmm. Sai an yi gwaji."

Hajiya ta sauke tabarau kan hanci. Junaidu ya yi wuf ya shiga tsakani. "Yana da tsantseni ƙwarai, Hajiya. Ba ya faɗin abin da bai tabbatar ba."

Ta juya wurin Auwalu. "Kai a ina ka yi karatu?"

Auwalu mutum ne mai alfahari da sana'arsa, kalmar atisaye ta gudu ta bar shi. "Kasuwar Gummi, Hajiya, wurin maigidana. Da ƙugun wando na fara, kafin a yarda in taɓa wuya."

"Wuya?"

"Sashen wuya da maƙogwaro," in ji Junaidu. "Mu ƙarasa ɗakin tiyata."

A ɗakin tiyata, wato inda Malama ke ajiye tsintsiya, Lado na tsaye ƙiƙam da rundunar ƙudaje da ta biyo shi tun daga mahauta, don su takunkumi bai ruɗe su ba. Hajiya ta ɗauko abin awon jini daga jakarta ta miƙa masa.

"Likita, ga Maigari nan, na ga yana haki. Duba mana shi."

Lado ya juya abin nan sama da ƙasa, ya rasa ina ne kansa. Ya ajiye. Sai hannu ya koma ga abin da ya saba. Ya dafa kafaɗar Maigari, ya matsa haƙarƙari, ya gangara ya cafki kwiɓi ya jijjiga, ya ja da baya yana gyaɗa kai.

"Akwai kitse, ba laihi. Amma ya tsuhwa. Wanga sai an daɗe ana dahuwa."

Maigari ya ce, "Lado, ni kaka tayawa?"

Daidai nan wata mata ta leƙo ta taga. "Lado! Kana nan kana wasan likita, tsire na can na ƙonewa, karnuka sun kewaye tukuba!"

Likitan tiyata ya yi tsalle zai fita, wuƙar fawa ta zame daga ƙarƙashin riga ta faɗi ƙasa, tsinkayen tsire suka watse daga aljihun gaba mai aiki.

"Kayan aiki ne," in ji Junaidu.

Hajiya ta buɗe baki za ta yi magana, sai haske ya dalle mata fuska. Sufyanu ne. Tun shigowarta yake bin bakinta da kallo, yanzu haƙuri ya ƙare, ya kunna fitilar goshi ya matso.

"Hajiya, don Allah ƙara buɗewa. Wannan haƙorin Makka ne? Kai! Ba gami ko kaɗan. Wata uku ina cikin rami ban ga mai kyansa ba. In za ki sayar, ni ne farko."

Hajiya ta rufe baki a hankali. Ta dubi mutum biyar ɗin nan ɗaya bayan ɗaya, ta dubi murfin gwangwanin madara da ke lilo a ƙirjin kowa. Sannan aka tsuge da ruwa.

Ka tuna ajin da ba kwano? Marasa lafiyar Tungar Marke sun yini a ciki suna shan iska mai kyau. Rana ta gasa su sun haƙura, yunwa ta murɗe su sun haƙura, amma da ruwa ya sauka a kansu sai haƙuri ya ce shi ma ya tafi. Suka fito jere. Masu tari na tari, jarirai na tsala ihu, mai karyayyar ƙafa a baro yana salati duk inda aka ci karo da dutse. A gaba Inna Hure, sanda a hannu, zane ya manne mata, tana tafe kamar mai jan rundunar yaƙi. Suka cika baranda, suka cika ɗakuna, suka cika har ɗakin tiyata.

Hajiya ta ce, "Waɗannan fa?"

Junaidu ya ce, "'Yan kallo ne, Hajiya. Mutanen ƙauye, ba su saba ganin mota ba."

"Ni ce 'yar kallo?" Inna ta ratso mutane. "Ni da na yi naƙudarka kwana da yini? Hajiya, ki dibi ƙahwahuna. Tun sahe wanga yaro ya kai mu kango ya aje kamar buhunan gero." Ta sa ƙugiyar sanda ta fizge masa takunkumi. "Wanga mai cajin waya ne. Wancan mahauci. Wancan shi ya yi wa wanga kaciya, ga shi nan tsaye, a tambaye shi."

Saminu ya ce, "Hmm."

Babur ya tsaya a waje. Malama Habsu ta shigo jiƙe sharkaf, taɓo har gwiwa, jakar haihuwa a kafaɗa. Ta dubi likitoci, ta dubi baƙuwa, ta dubi yadin da ta sha gani ana yanka wa waɗanda ta kasa cetowa.

Hajiya ce ta yi magana. "Ke ce Habsu? Ke kaɗai ce a nan?"

"Ni kaɗai, Hajiya. Sai dai in yau an ƙara."

"An ƙara. Ungozoma na kawo miki, da katifarta da bokitinta. Na ga ma'aikata sun yi muku yawa na tura ta Rafin Dunya." Ta nuna Junaidu da tabarau. "Wannan ne ma ya nuna musu gajeriyar hanya."

Malama Habsu ta ajiye jaka, ta ɗaura ɗankwali da kyau, ta ce a matso da mai karyayyar ƙafa. "In na gama da waɗanga," ta ce, ba tare da ta dubi kowa ba, "zan haɗa kayana."

Wani mutum da a nan zai nemi ƙasa ta tsage. Junaidu ƙirji ya buga.

"Ƙaramin kuskure ne na sadarwa! Kafin la'asar ungozoma na nan. Rafin Dunya ai ba su iya musu da ni."

Ya haye babur ɗin da ya kawo Malama, farar riga na kaɗawa. Mashigin ƙasan da ya yi wa direba talla yanzu ya cika ya batse. Masu jira a baki suka ce kada ya shiga. Ya ce bincike ya nuna ruwan farko ba shi da zurfi. Babur ya tsaya a baki, don shi yana da hankali, Darakta ya wuce ta saman kansa. Da ba don garken shanu na hayewa ba, ya samu wutsiyar wani bijimi ya riƙe, da yadin ladan ya yi aikin da aka saye shi dominsa. Bijimin ya kai shi tsallake, ya sallame shi da ƙafar baya a goshi.

A Rafin Dunya ba wanda ya yi shara. Marasa lafiyarsu na nan zube a zauren mai gari kowa na gani, Rufaida ta naɗe hannun riga tana tsakiyarsu. An riga an ba ta ɗaki, an shimfiɗa katifa, mata na ta shigowa da ƙoren fura.

Junaidu ya tsaya gaban mai garin yana ɗigar ruwa da jini. "Ranka shi daɗe, an yi kuskure. Wagga ungozoma tamu ce."

Mai garin ya sa aka miƙo masa waya, ya buɗe hoto, ya juya masa. "Ba kai ne wanga na tsakiya ba? 'Ta wadatu', in ji ka. 'A zo a koya', in ji ka. To mu da ba mu da ko mai ɗaure yatsa, mu ɗauki ɗaya tilo mu ba masu likitan tiyata? Ai sai Allah shi tambaye mu. In layya ta zo dai ku aro muna shi Lado."

Zaure ya kwashe da dariya, har masu zazzaɓi. Rufaida ta dubi goshinsa ta ce ya zauna a layi. Ya zauna. Da layi ya zo kansa ta ɗinke shi tsaf, ta ce ya gaida likitocin garinsu.

Sai da ruwa ya janye ya dawo, kai naɗe da bandeji, kati ya tafi da rafi. Ya iske ruwan da ya kai shi ƙasa ya hana Hajiya tafiya. Ta yini tana miƙa wa Malama auduga tana ganin layin da aka ɓoye mata, mahauci da wanzami sun tuɓe riguna suna ɗaukar marasa lafiya. Gari duk ya taru a haraba.

"Rufaida ta zauna inda take," in ji Hajiya, "don su ma mutane ne, kuma su ba su yi mini ƙarya ba. Biyar ɗinku na Gusau za su ji daga gare ni. Amma sabuwar ma'aikaciya sai zagaye na gaba, bayan kaka."

"Ba ni kai kaka ni kaɗai," in ji Malama Habsu. "Ruwa ma sai na bar mai naƙuda in tahi rijiya."

Inna Hure ce ta miƙa sanda ta ƙwanƙwasa bandejin ɗanta.

"Ga shi nan. Tunda hwarar riga yaka so, a bar mai ita. Ki ɗauke shi, Malama, na ba ki har kaka."

Malama ta dube shi daga sama har ƙasa, irin kallon da Lado ya yi wa Maigari. "Ɗibar ruwa. Shara. Wankin tasa da fo. Kai ni ruga a babur, in an maido babur ɗin. Ba ya taɓa allura, ba ya taɓa magani, kuma in yana cikin asibiti ba ya magana."

"Duk zai iya," in ji Inna, "ban da ta ƙarshe."

Hajiya ta juya ga Lado tana danne dariya. "Likita, me ka gani? Zai iya?"

Lado ya duƙar da kai, ya shafa haɓa. "Hmm. Sai an yi gwaji."

Malama Habsu ba ta haɗa kaya ba. Yau in ka je Tungar Marke da hantsi za ka ga mutum cikin farar riga mai wuyan kaftani, jarka biyu a baro, yana gaya wa matan bakin rijiya cewa tsarinsa ya ninka ma'aikatan asibiti cikin yini guda, abin da gwamnati ta kasa shekara da shekaru. A bakin rijiya dai Malama ba ta hana shi magana ba.

Saboda haka, mai karatu, ga roƙo. Ranar da aka ce masu duba asibiti na tafe garinku, ka ɓoye tsintsiya. Ka bar layi inda yake, ka bar rufin da ke yoyo ya yi yoyonsa, ka tsaya kusa da ma'aikaciyarku ka faɗi sunayen waɗanda ke aikin daga birni. In kuma kana da ƙanwa ko ƙane da ya gama makarantar kiwon lafiya yana zaune gida yana jiran asibiti mai fanka, ka nuna masa hanyar Tungar Marke tun kafin kaka. Ka yi sauri, don Darakta ya fara cewa yana da sabon tsari, kuma ladan ya sayo sabon yadi.